Neman Sunan Mai Jaki

Longsight ce zangona na farko a Ingila, kuma a nan na gane cewa mutum kan biya kuɗi da hannunsa a sayar da shi. Ejan ɗin da ya yi mini hanyar aikin kula da tsofaffi ɗan ƙasarmu ne, mai zaƙin baki a waya, Anti Rifkatu sama, Anti Rifkatu ƙasa. Da na iso Manchester sai na tarar aikin da aka yi mini alkawari ya koma 'yan sa'o'i a mako, wani makon ma babu. Ɗakin da aka ce nawa ne ni kaɗai, mu uku ne a ciki, bangonsa yana zufa kamar randa. In na yi magana sai ya tuna mini cewa bizata a hannun kamfaninsu take.

"Anti, kin san sponsorship ɗin nan," in ji shi, "phone call ɗaya ne, shi ke nan."

Mijina ya rasu, gonarsa na sayar na taho, 'ya'yana biyu suna gida wurin Mama. Sai na haɗiye, ni da a gida ba a taka ni in yi shiru.

Ban da neman abinci, akwai wani saƙo da na ƙullo a bakin zane, wanda ko Mama ba ta san na taho da shi ba. Kakata, uwar Mama, ita ta ba ni shi kafin ta rasu. Sunan wani mutum take so in nemo.

Garinmu ɗan ƙaramin gari ne a bakin Binuwai, inda ake ƙetare kogi da kwalekwale. Ba zan faɗi sunansa ba, don ƙannena mata ba su gama aure ba. A zamanin Turawa, bayan an yi shelar hana cinikin bayi, cinikin bai mutu ba, kama kawai ya sake. Fatake suka daina koro manya a sarƙa, suka koma sato yara daga ƙauyukan kan duwatsu, a yi musu aski, a sa musu riga, a ƙetare da su a ce 'ya'yan cikinsu ne. Di'o, Baturen mulki, ya sani, masu gari sun sani, kowa ya ga zaman lafiyarsa ya fi masa.

Sai ga wani Bature ɗan mishan, dogo, mai jan wuya. Sauran Turawa na hawan doki, shi jaki yake hawa, ƙafafunsa na sharar ƙasa. Mutane suka sa masa Mai Jaki, sunan ya bi shi har ya binne na gaskiya. Ya ce a garinsu, Birmingham, shi maƙeri ne, kuma a garin nasu aka daɗe ana ƙera sarƙar da ake ɗaure mutane da ita, abin da ya hana shi sakat ke nan har ya taso. Bai iya wa'azi ba, Hausarsa ma dariya take ba yara. Abin da ya iya shi ne ya kafa kujera a mashigin kogi, da daro da ruwan ɗumi da magani, yana wanke wa matafiya gyambo da faso kyauta. Wa zai ƙi? Duk ayarin da ya iso sai ya tsaya, shi kuwa sai ya ce a fara da yara. Yaron da ya kwana a ɗaure a daji, ko an kwance shi tun da asuba, igiya takan bar shaida a idon sawu. In Mai Jaki ya ga shaidar ba ya ɗaga murya. Sai ya damƙe ƙafar da hannun nan nasa na maƙera, ya aika a kira Di'o, ya ci gaba da zama. An sha yi masa tayin ya biya ya fanshi yaran, yana ƙi, yana cewa duk wanda ya biya ya ƙara wa kasuwar ƙarfi.

Uwar kakata na cikin yaran da ya damƙe. Ƙarama ce sosai, ba ta ma san sunan ƙauyensu ba, kuma da yake ranar Laraba ce sai ta zama Laraba. Mutumin da ya ce shi ne ubanta yana jan ta a hannu, Bature na riƙe da ƙafa, tun hantsi har la'asar, kafin Di'o ya iso yana zage-zage. Har ta tsufa tana rantsuwa cewa ƙafarta ta hagu ta fi ta dama tsawo.

Kaka ba ta mai da shi waliyyi ba. Ta ce mutum ne mai zafin rai, cikin yaran da ya ceto yake riƙo a gidansa, wanda ya makara addu'ar safe sai ya sha ranƙwashi, kuma ya ɗinka wa 'yan matan wasu riguna kamar buhu waɗanda ba su yafe masa ba. Amma an ƙona masa ɗaki ya sake ginawa, an ba jakinsa guba ya koma tafiya a ƙasa, sunan dai bai canza ba. A ƙarshe ba fatake ne suka kore shi ba, 'yan uwansa Turawa ne. Suka ce zafin rana ya taɓa masa kai, yana haɗa su faɗa da masu gari, suka sa shi a jirgin ruwa. Ko sallama ba a bar shi ya yi da yaran ba.

"Muna yi wa Mai Jaki addu'a, Allah ya san wanda muke nufi," in ji Kaka. "Amma mutumin da ya riƙe ƙafar uwata ya cancanci a kira shi da sunan da uwarsa ta sa masa. Ke mai karatu ce. In Allah ya kai ki, ki tambayo."

Mama kuwa ba ta ƙaunar labarin nan ko kaɗan. A wurinta mu mutanen Zazzau ne, fatauci ya kawo kakanninmu bakin kogi, magana ta ƙare. Ban ga laifinta ba. A wajenmu, ko a coci, in aka zo binciken aure aka ji kalmar baiwa, sai ka ga dangin miji sun fara tari suna neman takalmansu.

A kasuwar Longsight na haɗu da Hajiya Mariya. Ina tsaye gaban mai kifi, na ga farashi, ban san lokacin da na ce, "Wannan kifi ne ko zinariya?" ba. Sai na ji dariya a bayana.

"Wa ke Hausa a nan?"

Mace ce ƙatuwa, 'yar zangon Kumasi, ta fi shekara ashirin a Manchester tana dafa abincin biki da suna a gidanta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga 'yar rigar sanyin da na taho da ita daga gida, ta ce, "Ƙanwata, da wannan za ki shiga winter? Biyo ni." Ranar na ci tuwo da miyar kuka mai daddawa, na yi kuka a kan kwanon, ita kuwa ta yi kamar tana neman wani abu a firji har na gama. Ta ba ni rigar sanyi mai nauyi wadda ta kai mini gwiwa. Da ta ji ni Kirista ce, cewa ta yi, "To, sai me? Cikinki ba ya jin yunwa?" Da ta tambayi asalina, na ce mutanen Zazzau ne. Bakina bai ko yi rawa ba, don tun ina yarinya nake faɗa.

Gidanta ya zama gidana. Ina yi mata yankan albasa, tana ba ni labarin duk wanda ya taɓa cin amanarta daga Kumasi zuwa titin Stockport Road na nan Longsight. Wata rana na ba ta labarin ejan ɗina, ta aje ludayi ta tafa hannu.

"Wannan daga ji ba shi da asali. Ki bincika, jinin bayi ne. Ɗan halas ba zai yi haka ba."

Na ce, "Haka ne, Hajiya," na ci gaba da yanka albasa. Ban taɓa gode wa albasa irin ranar ba. Matar da ta tufatar da ni ce, ina son ta har raina, kuma ta zagi uwar kakata a gabana na amsa mata da haka ne.

Ita ce dai ta fitar da ni daga hannun ejan. Wanta, Alhaji Sule, direban tasi ne a Birmingham, ya ji wani gidan tsofaffi na neman ma'aikata, masu ba da takarda ta gaskiya. Na yi hira da su ta waya, suka ɗauke ni. Sai da sabuwar takardar ta tabbata sannan na je wurin ejan. Ya fara waƙarsa ta phone call, na ce masa ya kira, in babu kati a wayarsa ga tawa. Na gaya masa maganganun da suka daɗe suna ƙuna a cikina, har da wasu da ban kamata in faɗa ba ina matar da ke shiga mawaƙan coci. Na fito ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka.

A motar zuwa Birmingham ban runtsa ba. Kowa na cewa garin ba shi da kyau, ni kuwa ina leƙen taga kamar mai zuwa garin kakanninta. Alhaji Sule ya tare ni a tasha, dattijo siriri, mara yawan magana, akasin ƙanwarsa a komai. Ya samo mini ɗaki a unguwar Small Heath, a saman shagon wani mahauci, tagata na kallon titi. Ƙanshin nama da kiran salla suka sa unguwar ta yi mini kama da gida fiye da yadda na zata.

Aikin yana da wuya, amma aiki ne na gaske, ana biya a kan lokaci. Ina ɗaga tsofaffi, ina ba su abinci a baki, ina wanke musu ƙafa. Sau da yawa in na durƙusa da daro a gaban wani tsohon Bature sai in ce a raina, wa ya sani ko jikan ɗan uwan Mai Jaki ne, sai in ƙara gyara ruwan ya yi ɗumi daidai.

Ran Lahadi in an tashi daga coci sai in shiga bas in bi tsofaffin majami'u ina karanta duwatsun da suke kafawa a bango don tunawa da matattu. Na karanta sunayen sojoji da limamai da matan masu kuɗi har idona ya gaji. Na je ɗakin karatu na jami'a a Edgbaston, wata Baturiya mai kirki ta zaunar da ni, ta tambaye ni sunan ƙungiyar da ta aike shi, da shekarar. Na ce ban sani ba, na dai san yana hawan jaki. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta duba abin da za ta iya dubawa, ta ce a lokacin akwai ƙananan majami'u na ma'aikatan masana'antu da ke tura mutum ɗaya da kuɗin aljihunsu, yawancinsu sun watse ba su bar komai ba. Ta haɗa mini shayi. Na koma gida, na ce Kaka ta yi haƙuri, na yi iyakar yina.

Wata ranar ruwan sama Alhaji Sule ya gan ni a tashar bas, ya tsaya ya ɗauke ni. Muna tafe ya ji ina waya da 'ya'yana, na ambaci sunan garinmu. Da na kashe sai ya ce, "Maman yara, sake faɗin sunan garin nan."

Na faɗa.

"Ni kuwa na san sunan nan. Kullum in na sunkuya zan cire takalmi a masallacinmu sai na gan shi. Da shi da Nigeria, da sunan wani kogi."

Masallacin nasu tsohuwar majami'a ce ta jan bulo, wadda Musulmin unguwar suka saya tun da daɗewa bayan masu ita sun ƙare. Washegari, tsakanin azahar da la'asar, na yafa gyale na bi shi. A zauren shiga, ƙarƙashin katakon aje takalma, akwai wani farin dutse a jikin bango. Samansa duk an shafe da siminti an lulluɓe da tayil, saboda gicciyen da ke jiki. Layukan ƙasa ne kawai suka tsira, don katakon ya kare su. Na durƙusa a cikin takalman mutane na karanta. An rubuta cewa maƙeri ne ɗan wannan majami'a, ya yi aiki a bakin Binuwai, ga sunan garinmu ɓaro-ɓaro, ya kwance ɗaurarru, ya dawo gida ya rasu cikin talauci. Sunansa yana sama, ƙarƙashin tayil, tazarar tafin hannu daga goshina.

Na daɗe a durƙushe. Alhaji ya juya baya yana gyara takalman da ba su buƙatar gyara.

"Sai dai kin zo a ƙurarren lokaci," in ji shi. "Bangon nan za a rushe sati mai zuwa, za a faɗaɗa wurin alwala. Contractor ya ce komai skip ɗin shara za shi. Mene ne haɗinki da shi?"

Na ce kakata ta san shi. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya ce ran Lahadi bayan azahar kwamitin masallaci zai zauna da jama'a a kan ginin, za a ci abinci, Hausawan garin duk za su zo, Hajiya Mariya ma za ta taho daga Manchester don ita ce mai girki. In ina da magana, can zan yi ta.

Na kira Mama na gaya mata komai. Ta ce, "Rifkatu, ki rufa mana asiri. In kika buɗe baki a can, kafin ki rufe labarin ya iso nan ta waya. Ƙannenki fa? 'Yarki fa? Mutumin nan ya mutu, uwata ta mutu. Dutse ne kawai."

"Mama, sunansa ne."

"Na ce ki bari."

Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Kwanakin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Na shirya maganganu masu santsi da Turanci, irin su tarihi ne, abin tunawa ne, danginmu sun san shi. Na ce da su zan lallaɓa in wuce ba tare da na tuɓe zane a kasuwa ba.

Ran Lahadi daga coci na wuce, da ankon mawaƙa a jikina, na ɗora gyale a kai. Zauren taron ya cika, maza a gaba, mata a baya wajen tukwane. Yawanci 'yan Pakistan ne, amma ga Hausawa nan jingim, na Ghana da na Najeriya, har da matan da muke gaisawa a shagon mahauci. Hajiya Mariya ta hango ni ta ɗaga mini ludayi. Shugaban kwamitin tsoho ne mai jan gemu na lalle. Da Alhaji Sule ya gabatar da ni, na miƙe na yi 'yan maganganuna masu santsi.

Tsohon ya saurare ni da ladabi. Ya ce sun nemi mutanen majami'ar, babu wanda ya rage. Ya ce ciro dutsen lafiya zai ja aikin baya, ga tsofaffi na alwala a tsakar gida cikin sanyi. Sannan ya ce, "'Yata, in ke danginsa ce, hakki ne a kanmu. Ke wace ce tasa?"

Kafin in amsa, wani saurayi ɗan kwamiti, haifaffen nan, ya ce da Turancinsu na Birmingham, cikin ladabi shi ma, ai 'yan mishan tare suka zo da 'yan mulkin mallaka, bai ga dalilin da za a bar dattawa cikin sanyi don a karrama ɗayansu ba. Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Ban ƙi maganarsa duka ba, na san abin da Turawa suka yi mana. Amma sai na ga Mai Jaki zaune a bakin kogi, 'yan uwansa sun kore shi don ya ƙi sakin ƙafa, yau kuma za a zuba shi a shara tare da su, ni ina tsaye ina tauna kalmomi. Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci ba na iya ƙarya.

Na ce, "Baba, ni ba jininsa ba ce. Uwar kakata baiwa ce. An sato ta tana yarinya za a sayar, mutumin nan ya riƙe ƙafarta ya ƙi saki. Da ya saki, da babu ni."

Na ba su labarin daro da igiya da jaki, da yadda Turawa suka sa shi a jirgi. Da na gama da Turanci sai na juya wajen tukwane, inda mutanena suke, na maimaita da Hausa, don kada gobe wani ya ce bai ji daidai ba.

"Ni Rifkatu, tattaɓa-kunnen baiwa ce. Ba mu da alaƙa da Zazzau. Sunanta Laraba, ba ta san garinsu ba, ta haifi 'ya'ya ta aurar da su, ta mutu 'yantacciya a ɗakinta. Ban ga abin kunya a nan ba. In akwai kunya, tana wurin wanda ya ɗaura igiyar."

Da na gama ban zauna ba. Tun da nake ban taɓa jin tsawona irin na ranar ba.

Tsohon ya yi magana da na kusa da shi da harshensu, ya shafa gemu, ya ce a addininsu 'yanta bawa ba ƙaramin aiki ba ne, ko wane ne ya yi shi, kuma ba za a ce a masallacinsu aka farfasa sunan mai irin wannan aiki ba. Ya ce tsofaffi sun yi alwala a sanyi shekara da shekaru, 'yan kwanaki ba za su kashe su ba. Saurayin nan ya zo daga baya ya ce mini shi zai tsaya a kan magina da kansa.

Wajen rabon abinci na ga abin da Mama take tsoro. Wata da muke gaisawa kullum ta ɗauke kai kamar ba ta gan ni ba, wasu biyu na magana ƙasa-ƙasa, ɗaya har ta riga ta ciro waya. Hajiya Mariya ta zuba mini shinkafa ba ta dube ni ba, ta ɗora nama, ta ƙara wani.

"Da kin gaya mini tun a Longsight," in ji ta.

"Da na gaya miki, Hajiya, da kin ba ni rigar sanyin?"

Ta daɗe tana juya ludayi a tukunya. "Wallahi ban sani ba, ƙanwata," ta ce. "Bakin nan nawa. Zauna ki ci." Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Gaskiyar da ta faɗa ta fi mini.

Ranar da za a ciro dutsen na nemi hutu a wurin aiki. Maginin wani Bature ne mai zanen tatu a fatar hannu, ya sa kurfi da 'yar guduma yana ɓamɓare tayil a hankali. Gicciyen ya fara fitowa, sannan haruffa, ɗaya bayan ɗaya, cike da siminti. Na roƙi ruwa da tsumma na goge da hannuna. Suna ne gajere, na talakawa, irin wanda za ka gani a jikin motar mai gyaran famfo. Na karanta shi a zuci, na kasa fitar da shi a baki.

Dutsen ya fi yadda ake zato nauyi, ya ƙi shiga tasin Alhaji. Sai aka ɗora shi a kan wani tsohon ƙyaure, maza huɗu suka ɗauka, Alhaji Sule da saurayin nan da wasu biyu, da hulunansu, suka bi titi da shi zuwa gidana. Masu shaguna suka riƙa matsawa gefe, wani tsoho har ya tsaya yana addu'a, ya zaci gawa ce. Ni ce a gaba ina nuna hanya, kaina a sama. Da ƙyar aka hau da shi bene, mahauci na ta ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Aka jingina shi a bangon ɗakina, kafin fastonmu ya sama masa wuri a coci.

Da kowa ya watse na zauna a bakin gado na kira Mama. Ta daɗe ba ta ɗauka ba.

"Na ji," ta ce, ko gaisuwa babu. "Tun ran Litinin na ji. Matar sakataren coci ce ta zo har gida wai ta zo duba ni."

"Mama, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kin riga kin yi. A gaban mutane kika faɗa?"

"A gaban mutane. Da Turanci da Hausa."

"Ke dai ba ki da dama. Halin uwata kika kwaso kaf."

Ina jin kaji a tsakar gida, da muryar 'yata tana kiran ƙaninta. Na ɗauka ta aje wayar ta tafi, har na fara cewa Mama, Mama. Sai na ji ta ja numfashi.

"Yana nan a gabanki?"

"Ga shi ina kallo."

"To, wane ne sunan nasa?"

Na karanta mata. Ta maimaita, ta karya shi gida biyu, ya fito kamar sunan wani magani. Na sake faɗa, ta sake karyawa.

"A hankali, Rifkatu," in ji ta. "Kin san ba na jin Turanci. So nake in riƙe shi kafin Lahadi."